Kwamfutar Baba da aka tsinta a ɗakin ajiya: dakata, kada ka jona ta wuta tukuna

Wani matashi daga Marwa, a arewacin Kamaru, ya aiko mini da tambaya. Ya ce suna kwashe kayan mahaifinsu marigayi daga ɗakin ajiya sai suka ci karo da wata doguwar na'ura mai duhun toka, madannanta wasu kore, wasu ja, wasu shuɗi, ga gidan kaset a hannun dama, an rubuta Amstrad CPC 464 a jikinta. Tare da ita akwai kwalin kaset, wasu na kanti, wasu da rubutun hannun marigayin. Talabijin ɗinta babu, wayar wutarta babu. Ya ce ya gwada bakin cajar dikodarsu ya ga ya shiga ramin wutar daidai wa daida, to ya jona ya gani? In kuma ta mutu, ana iya tashinta? Sannan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya taya ta jaka biyu, wato sefa dubu biyu.

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ka zare cajar nan ka mayar da ita bayan dikoda inda ka ɗauko ta, sannan mu yi magana.

Dalili shi ne wannan na'ura volt 5 take ci, ba ƙari. Asalinta daga cikin talabijin ɗinta take shan wuta: talabijin ɗin ne ke karɓar 220 na bango, ya tace, ya miƙo mata volt 5 ta wata 'yar waya da ke fitowa daga gabansa. Saboda haka masu ƙera ta ba su sa mata mai tsaron ƙofa a ciki ba. Abin da ka zuba a ramin nan, shi zai tafi kai tsaye ƙafafun ayisi-ayisin, wato ƙananan baƙaƙen sassan nan masu ƙafafu da yawa da ke kan farantin da ke cikinta. Su kuwa an yi su ne su yi aiki tsakanin 4.75 da 5.25, in aka kai 7 an shiga haɗari. Cajar dikoda yawanci 12 ce, ta laftof 19. Bakinsu kuma duk kusan ɗaya ne, abin da ke yaudarar mutane ke nan.

Na ga wannan da idona a shagona nan Garwa. An kawo mini irinta, lafiyarta lau sai ƙura, na ajiye a kan tebur na tafi sallar La'asar. Yaron da ke koyon aiki a wurina, don ya burge ni, ya zaƙulo caja daga kwandon cajoji ya cusa. Da na dawo ban tarar da hayaƙi ko ƙara ba, sai ɗan warin nan mai kama da ƙonannen gashi, da yaro tsaye yana susar ƙeya. Na taɓa ayisin ƙwaƙwalwar ajiya guda takwas, biyar sun yi zafin da ba ka iya barin yatsa a kai. Na'urar da ta yi shekara talatin tana jure zafin kwano da fitsarin ɓera, daƙiƙa uku suka gama da ita. Ban yi wa yaron faɗa sosai ba, don laifina ne da na bar ta kusa da kwandon. A abin da na gani cikin wannan aiki, waɗanda ajiya ta kashe ba su kai waɗanda aka kashe ranar da aka tsince su ba.

Bari ka san abin da ke hannunka. Kamfanin Amstrad na Ingila, na Alan Sugar, shi ya fito da ita a 1984. Ta yi kasuwa sosai a Faransa, inda ake tallarta da hoton kada, kuma ta can yawancin waɗanda ke ƙasashenmu suka biyo, a akwatunan ɗalibai da malamai da ma'aikatan da suka je kwas. In ka duba madannan taka ka ga layin sama ya fara da A, Z, E, R, T, Y, to ta Faransa ce. Ƙwaƙwalwarta Z80 ce mai gudun megahaz 4, ma'ajinta kilobait 64, wanda ko ƙaramin hoto ɗaya na wayarka ba zai ɗauka ba. Tana da launi 27, tana fitar da murya uku lokaci guda ta wata ayisi mai suna AY-3-8912. Mutum zai yi dariya. Amma duk abin da ke cikinta mutum ɗaya zai iya saninsa tun daga ramin wuta har zuwa ɗigon da ke fitowa a gilashi, ya bi shi da mitar auna wuta ƙafa bayan ƙafa. Wayar da ke aljihunka, ko wanda ya ƙera ta bai san ta haka ba. Masu gyaran waya na kasuwa gwanaye ne, ban raina su ba, amma sau da yawa aikin ya koma cire wannan a sa wancan. Wannan tsohuwar kuwa tana barin ka ka gane dalili.

Aikin farko buɗewa ne da shara. Kifa ta a kan tabarma ko tsumma, ka kwance kusoshin ƙasa, ka juyo da ita, ka ɗaga murfin a hankali kamar mai buɗe littafi tsoho. Kada ka fizga. Madannai da gidan kaset da lasifika duk a murfin sama suke, farantin kuma a ƙasa, wayoyi ne ke haɗa su. A wasu, wayar madannan leda ce siririya mai zanen layuka, wadda shekara arba'in da zafin Marwa sun busar da ita kamar ganyen kuka. In ta tsage ka shiga wani aikin daban. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai.

Abin da za ka tarar a ciki, mu nan mun fi Turawa sanin sa. Su tsatsa da danshi ke damun su. Mu kuwa jar ƙurar hunturu ce da ta kwanta ta zama kamar siminti, da ƙwan kyankyaso, da kashin tsaka. Na taɓa buɗe wata na tarar zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kan ƙarfen da ke juya kaset, ɗaki uku jere, har da busassun tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa. Wannan duk ba komai ba ne, burushin fenti mai laushi da haƙuri sun ishe shi. Wanda ake tsoro fitsarin ɓera ne, don yana cin layukan tagulla. In ka ga wuri ya yi kore ko fari-fari kamar kanwa, wanke shi da alkol mai ƙarfi, na digiri 90 ko sama da haka da ake samu a kantin magani, da tsohon burushin haƙori, ka bar shi ya bushe, sannan ka bi kowane layi da mita ka ji ko yana nan a haɗe. Tina da masu gyaran waya ke wanke faranti da ita, kada ta kusanci jikin robar, narkar da shi take yi ya yi tabon da ba ya fita. Jikin da madannan, ruwa da sabulu kawai, a shanya a inuwa.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: in lokacin hunturu kake wannan aiki, lokacin da mutum ke taɓa ƙofar mota ta ɗan ja shi, to wannan jan da kai ba ya yi maka komai yana iya kashe ayisi. Cire takalmin roba, ka tsaya a kan siminti, ka taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka taɓa farantin, ka riƙa kama shi ta gefe.

Za ka ji masu cewa da an buɗe tsohuwar na'ura a canza duk kwandansa, wato 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta. Ni ban bi wannan ba. Gaskiya ne zafi na rage musu kwana, ƙa'idar da muke bi ita ce duk ƙarin digiri goma yana raba rayuwarsu biyu, ɗakin kwano kuma a watan Afrilu ba sai na gaya maka ba. Amma a wannan na'ura kaɗan ne, ba sa shan wahala, kuma ba ta da batirin ciki da zai zubo ya ci faranti kamar wasu. Duba su. Wanda ya kumbura ko ya yi zufa a gindi, canza shi. Wanda ke zaune lafiya, bar kaza cikin gashinta. Sabon hannu da ƙarfen dalma mai zafin gaske a kan tsohon faranti, nan ne ake gyaran gangar Auzinawa, garin neman gira a rasa ido.

Sai awo. In ba ka da mita ka saya ko ka ara, ba ta kai kuɗin buhun siminti ba, kuma ba a wannan aiki sai da ita. Mayar da wayar gidan kaset wurinta, domin wutar daga ramin baya takan bi ta can ne ta ratsa makunni sannan ta dawo kan farantin, in ba a haɗa ba ko fitila ba za ta kama ba. Ba tare da ka jona komai ba, kunna makunnin, ka sa mita a awon om tsakanin tsinken tsakiyar ramin wutar da gefensa. In ta nuna sifili ko dab da sifili, akwai inda wuta ta haɗe, kada ka ba ta wuta sai ka nemo shi. Shi kansa makunnin ka auna shi. Shekaru suna sa bakinsa ya yi baƙi, ya riƙa shanye rabin volt, na'ura ta riƙa hauka alhali ba abin da ya same ta. Ɗigon alkol da kunna-kashe sau talatin ya tashi da yawa daga cikinsu.

Wutar da za ka ba ta: volt 5, amfiya 2, tsakiyar bakin shi ne mai alamar tarawa, gefen shi ne ƙasa. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a jikin caja, kasuwa cike take da masu ƙarya. Auna da kanka, ka ga 5 da ɗan abin da bai wuce 5.2 ba, ka kuma tabbatar ba a juye take ba. In ka tambaye ni, abin da ya fi dacewa da mu shi ne batirin ajiyar cajin waya mai kyau, wanda ke iya ba da amfiya 2, da gajeriyar waya mai kauri. Ka san halin wutarmu. Arewa galibi madatsar ruwa ta Lagdo muke kallo, in ruwan Binuwai ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, kuma dawowarta ta fi ɗaukewarta haɗari, don takan dawo da ƙarfin da ke ƙona kaya. Batiri ya raba ka da wannan duka. In da hasken rana kuke amfani, kada ka ɗauko kai tsaye daga batirin 12. Akwai ƙananan faranti masu sauke wuta zuwa 5, suna aiki, sai dai in suka lalace wasunsu sukan saki 12 ɗin gaba ɗaya ta wuce, don haka a sa fiyus da abin kariya a gaba. Siririyar waya kuma, irin ta jaka ɗaya uku, za ta nuna maka 5 a mita, amma da injin kaset ya tashi sai wuta ta faɗi na'urar ta koma farko.

Yanzu ga daɗin abin: ba ka buƙatar talabijin don ka san tana da rai. Jona, murɗa abin ƙara murya da ke gefen dama, kunna. Jar fitila ta kama? Jira daƙiƙa biyu ka danna DEL. In ka ji ɗan "ƙit" daga lasifika, to Z80 na aiki, ma'aji na aiki, BASIC, yaren shirye-shiryen da ke cikinta, ya tashi yana jiran ka, har madannai suna amsawa. Ƙarar nan ƙorafi ne take yi cewa babu abin gogewa. Ni duk shekarun nan ban daina jin daɗin wannan ƙara ba. In shiru, sa mita a ƙafa ta 11 da ta 29 na Z80 ka ga ko biyar ɗin ta iso, sannan ka bi ayisi ɗaya-ɗaya da bayan yatsa. Ɗumi ba laifi. Wadda ta ƙona ka, kashe wuta nan take, ka sa mata alama.

Maganar hoto. A bayanta akwai rami zagayayye mai ƙafa shida: ta 1 ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi, ta 4 mai daidaita hoto, ta 5 ƙasa, ta 6 haske. Launukan a rarrabe suke fitowa, saboda haka ba za ta shiga ramin nan rawaya na bayan talabijin ta ba ka launi ba, kuma yawancin gilasan kwamfuta na ofis ba sa karɓar ta, don ita layinta kusan 15,600 ne a daƙiƙa, su kuwa ninkin haka suke nema. A nan zamanmu a ƙasar da kayan Faransa suka cika ya yi mana rana. A 1980 aka wajabta wa talabijin da ake sayarwa a Faransa wani faffaɗan rami mai ƙafa 21 da ake kira Péritel, kuma shagunan burokant, masu kayan gwanjo, na Marwa da Garwa da Ngaundere ba sa rasa irin waɗannan, har da masu faifan gilashi na farko-farko. Wayar da kanka za ka haɗa: ja zuwa ƙafa ta 15, kore ta 11, shuɗi ta 7, mai daidaitawa ta 20, ƙasa zuwa ƙafafun ƙasa. Inda kowa ke tuntuɓe ƙafa ta 16 ce. Sai ta ji wuta tsakanin volt 1 da 3 kafin talabijin ya yarda ya karɓi launukan, in babu sai ka ga baƙi ko inuwar rubutu ka ɗauka na'urar ce ta mutu. Ƙaramin batirin rediyo mai 1.5 ya isa, ko ka ɗebo daga biyar ɗin ta rezista mai om 150. Ta wannan hanya babu ruwanka da cewa Kamaru tsarin launin talabijin na PAL take bi Chadi kuma na SECAM, don haka ɗan'uwanmu na Kusiri ko Njamena ma haka zai yi.

In wata rana ka samo asalin talabijin ɗinta, ko kowane mai ƙoƙon baya, kada ka buɗe shi. Mai launi yana tara sama da volt 20,000 a jikin kwalbar, kuma yana riƙe ta bayan an zare waya. Wannan ka kai wa tsofaffin masu gyaran talabijin.

Lafiyayya za ta nuna maka shuɗin fili da rubutu rawaya, BASIC 1.0, a ƙasa kuma Ready. In kuwa fili ne murabba'i a tsakiya ba rubutu, ko tarkacen launuka, mafi yawan lokaci ma'aji ne. Guda takwas ne a jere, lambarsu 4164, kowace tana riƙe da ɗaya cikin takwas na kowane bait, shi ya sa mutuwar ɗaya ke tsayar da duka. Ka lura, su ƙafar wutarsu ta 8 ce, ƙasa ta 16, akasin yadda aka saba, kada ka auna a juye ka ruɗe. Akwai dabarar goyo: ka ɗora lafiyayya a bayan wadda kake zargi, ƙafa kan ƙafa, ka kunna. In hoto ya canza ko ya gyaru ka kama ɓarauniya. Dabarar ba ta aiki ga wadda ta haɗe ta ciki, amma ita wannan zafinta ke tona ta. Wajen cirewa, kada ka yi ƙoƙarin ceton matacciya: yanke ƙafafunta da ɗan almakashi, ka zare su ɗaya-ɗaya, ka tsotse dalmar, ka dasa soket, sannan ka zaunar da sabuwa. Farantin shi ne abin tattali. Na ƙarshe-ƙarshen da aka ƙera farantinsu ƙarami ne, ma'ajinsu biyu kacal, in taka irin wannan ce ka gaya mini.

Samun kayan shi ne wahalarmu ta gaskiya. 4164 da Z80 da ƙananan 74LS ana tsintar su a tsofaffin farantan kwamfutocin ofis na wancan zamani da wasu injuna, don haka mai tsofaffin ƙarafan nan da ya taya maka, ka riƙe shi aboki, ka riƙa leƙa tarinsa. Kamfanin Zilog ya sanar da daina ƙera Z80 a 2024, bayan shekara 48, amma akwai su jibge a duniya. Ana yin odarsu ta intanet su biyo ta Duwala ko Yawunde, ko a yi saƙo wurin masu zuwa Kano ta Mubi ko Yola. Ka sayi fiye da buƙata, don cikin na intanet akwai waɗanda aka goge aka sake wa lamba. Guda ɗaya ce ba ta da madadi a kasuwa, mai lamba 40007 ko 40008 ko 40010, wadda Amstrad ya yi wa kansa, ita ke haɗa launi da rabon lokaci tsakanin sassa. In ita ta tafi sai dai a ciro daga wata gawar ko a nemi kwaikwayon da masu sha'awa ke haɗawa. Ita nake tunawa duk lokacin da na ga mutum riƙe da cajar dikoda.

Gidan kaset kusan tabbas robar da ke juya shi ta mutu. Ko ta saki, ko ta narke ta zama baƙin kwalta da ke manne wa yatsa. Goge ta tas da alkol, ka zagaya zare a hanyar da take bi don ka san tsawonta, ka je wurin masu gyaran rediyo mai kaset, waɗanda har yanzu ba su ƙare a kasuwanninmu ba, ka nemi wadda ta ɗan fi zaren gajarta. Robar ɗaure kuɗi ba ta yi, gudunta rawa yake. Goge kan da ke karantawa da 'yar tayar da ke matse zaren. Sannan ka riƙe CTRL ka danna ƙaramin ENTER, za ta ce ka danna PLAY da kowane madanni. In tana yawan cewa Read error, akwai ɗan rami a saman kan karatun, da kusa a ciki. Sa alamar inda take, ka murɗa kaɗan-kaɗan kana saurare, inda ƙarar ta fi kaifi nan ne daidai. Ita ba ta da ramin shigar da sauti daga waje, amma kaset ɗin nan mai wutsiyar waya da direbobi ke sawa a rediyon mota yana yi: ka sa shi a gidan, ka kunna sautin shirin daga wayarka, ita ba ta san bambanci ba.

To in ta tashi, me za ka yi da ita? Wasanni akwai su da ɗaruruwa, amma ni ba nan na fi so ka tsaya ba. Wannan na'ura da ka kunna ta yaren shirye-shirye ne ke gaishe ka, da kimanin kilobait 42 a buɗe. Rubuta wannan:

10 INPUT "Sefa nawa";s
20 PRINT "Dala";s/5
30 GOTO 10

Buga RUN, ka ba ta 1000, ta ce maka dala 200, wato jaka guda, lissafin da kakarka ke yi a ka. ESC sau biyu ke tsayar da ita. Wanda ya gane layukan nan uku ya riga ya gane tambaya da ajiya da lissafi da maimaici, sauran duk gini ne a kansu.

Ga wanda ya fi burge ni. Turawan da suka yi ta ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba, amma sun bar ƙofa. Kowane harafi zane ne a fili mai gida takwas a tsaye takwas a kwance, kuma haruffa daga lamba 240 zuwa 255 an bar maka ka zana abin da ka ga dama. Ɗauki takardar lissafi mai gida-gida, ka ja fili takwas-takwas. A saman ginshiƙan, daga hagu, rubuta 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Zana ƙ ɗinka ta hanyar cike gidaje, sannan kowane layi ka tara lambobin gidajen da ka cike. Layin sama, inda lanƙwasar take, na cike 32 da 16 da 8, ya ba ni 56. Na biyu 64 da 32, wato 96. Haka har ƙasa:

10 SYMBOL 240,56,96,102,108,120,108,102,0
20 PRINT CHR$(240);"ofa"

Za ka ga "ƙofa" da lanƙwasarta, rawaya a kan shuɗi, a na'urar 1984. Ranar da na fara yin wannan na kira maƙwabcina tela ya zo ya gani, ya duba ya ce to sai me, ya koma kan kekensa. Ɗ da ɓ na bar maka, har da ƴ ta 'yan'uwanmu Fulani. Ba tare da ka sani ba ka koyi lissafin sifili da ɗaya da hannunka, abin da ake shekara ana bayani a aji yara ba su kama ba.

Daga nan sai ka leƙa ƙasa. Hoton da kake gani kilobait 16 ne na ma'aji, yana farawa daga adireshi &C000. Buga MODE 1, sannan POKE &C000,255, ka duba kusurwar hagu ta sama: ɗan jan layi mai ɗigo huɗu ya fito. Ka taɓa gilashin da lamba ke nan. Layin da ke ƙarƙashinsa kuma ba a kusa yake ba, sai ka tsallake bait 2048, a &C800. Wannan baƙon tsari shi ne farkon abin da ke ɗaure wa mai koyon zane a wannan na'ura kai. In ka ƙosa da jinkirin BASIC, ga yaren Z80 kansa cikin bait shida:

10 MEMORY &7FFF
20 FOR i=0 TO 5:READ a:POKE &8000+i,a:NEXT
30 CALL &8000
40 DATA 62,65,205,90,187,201

62 da 65 na nufin ɗauki lamba 65, wadda ita ce harafin A. 205, 90, 187 na nufin kira aikin da ke zaune a &BB5A, mai buga harafi. 201 na nufin koma inda ka fito. Canza 65 zuwa 240 bayan ka zana harafinka, ta buga maka ƙ. In ka kuskure lamba ɗaya za ta sandare, ka kashe ka kunna, ba abin da ya lalace. Ta madannai ba ka iya yi mata illa. Kafin kayan gyara su iso ma kana iya fara duk wannan a laftof da manhajar kwaikwayo irin WinAPE ko Caprice32.

Ƙare-ƙaren zamani akwai su: faranti mai suna M4 da ake cusawa a baya ya ba ta katin ajiya da wayfai, da masu ƙara mata ma'aji. Duk wanda ake cusawa a zare, ina maraba da shi, sai dai a kashe wuta kafin a cusa, a kuma goge haƙoran tagullan bayan da abin goge fensir. Wanda sai an huda jiki ko an yanke layi, ni dai ba na yi a kan na'urar gado.

Jaka biyun mai ƙarafa kuwa, kuɗin nauyin roba da tagulla ya ba ka. Ko matacciya ce, madannanta da ayisin nan da ba a samu sun fi haka a wurin mai nema. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin saƙonka kaset ɗin nan masu rubutun hannu ne. Na kanti an riga an kwafe kusan dukkansu a duniya, in sun lalace ba a yi asara ba. Na mahaifinka kuwa babu su ko'ina sai a kwalin nan. Wataƙila lissafin makin ɗalibai ne, wataƙila wasa ne ya kwafa daga mujalla layi-layi da dare, wataƙila abin da shi ya ƙirƙira. Kada ka fara gwajin gidan kaset da su, injin da robarsa ta narke yana tauna zare. Cire su daga ɗakin kwano yau, ka nisanta su da lasifika da duk mai maganaɗisu. Sa biro a ramin ka juya a hankali ka ji ko zaren ya manne, ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko ya faɗi. Sannan ka sami rediyo mai kaset da ka yarda da lafiyarsa, ka haɗa shi da laftof ta waya, ka naɗi kowane gefe daga farko har ƙarshe, ka adana a matsayin WAV, ba MP3 ba, don matsewar na iya cinye bayanin. Za ka ji ƙara kamar ta gyare da tsakar dare, shirin ke nan. Bayan ka adana wuri biyu, sai ka sa kaset ɗin a na'urar ka buga CAT, ta karanto maka sunayen da ya raɗa musu ɗaya bayan ɗaya.

Ka fara da awon om na ramin wuta da na makunni, ka aiko mini da abin da mita ta nuna, da hoton farantin ta sama inda lambobin ayisin ke karantuwa. In kuma hanya ta kawo ka Garwa, taho da ita a naɗe cikin bargo, kaset ɗin a jakar hannunka, kada su shiga but ɗin mota.